Na ƙara wa Mujlad wuta a lissafi, dutsen ya ƙi nuna

Attahiru, Gadarif

Assalamu alaikum iyaye da yayye. Kwana tara ke nan ina kai-komo a wuri ɗaya, shi ya sa na kawo kukana nan. Binciken digirina na biyu a kan tarihin zafin wata rijiyar mai ne da ke gefen kwarmin Mujlad a Sudan. Takardun rijiyar hotunansu kaɗai na tsira da su a waya, sai 'yar kwamfutar da na cusa cikin kayan Inna ranar da muka baro Khartum. Malamina yana wajen ƙasa, haɗuwarmu a layi sai an dace.

Zurfin rijiyar mita 3,200 ne, ta tsaya cikin dutsen Abu Jabra, shimfiɗar tsohuwar lakar da ke haifar da man yankin. Ma'auni ya nuna digiri 101 a gindinta. Na cire 28 na bisa ƙasa, na raba da zurfin, na samu kusan digiri 23 a kowace kilomita. Da na zuba wannan a kwamfuta sai ta ce ƙyallin bitirinayit a gindin 0.65 ne, alhali ɗakin gwaji 0.85 suka auna. Wato dutsen ya nuna fiye da yadda wutar lissafina za ta iya dafa shi. Sai na tuna ai lokacin tsagewar ƙasa ta farko, shekara miliyan 140 zuwa 95 baya, zafi ya ɗara na yau. Na ɗaga kwararar zafin wancan zamani, wato zafin da ke tasowa daga cikin ƙasa, zuwa miliwat 90 a murabba'in mita, lamba ko gezau. Na kai 120, da ƙyar ta yi motsi. Don Allah ina na ɓata hanya?

Kawu Usman, Kasala

Wa alaikumus salam ɗana. Kafin mu kai ga shekara miliyan, mu tsaya a kan awa tukuna. Wannan 101 ɗin, awa nawa da kashe famfon taɓo aka ɗauke ta? Duba kan takardar awon, can sama wajen kwanan wata, akwai layin da ke faɗin lokacin da aka daina zagaya taɓo da lokacin da na'ura ta taɓa gindi.

Shekara goma sha ɗaya na yi a ɗakin lura da taɓo a filin man Hijlij. Daga tankin sama ake tura taɓon haƙa, ya gangara cikin bututu, ya fita ta bakin haƙorin, ya hauro ta gefe ɗauke da ɓarɓashin dutse. Kwana da kwanaki yana wanke gindin ramin. Ka tsaya bakin magudanar da yake dawowa da asubar sanyi, za ka ga tururi na tashi daga jikinsa, ka sa yatsa ka janye. Wannan zafin a wurin wa ya karɓo shi? A wurin dutsen da kake son aunawa. Ma'aunin da aka zura bayan awa biyar ko shida, zafin taɓo ya kawo maka, dutsen bai gama mayar da numfashi ba.

Attahiru, Gadarif

Kawu na duba. Ashe sau uku aka zura na'ura, ni ta farko kaɗai na ɗauka. Bayan awa 6 an samu 101, bayan awa 11 an samu 108, bayan awa 17 an samu 112. An rubuta cewa awa 4 aka yi ana zagaya taɓo kafin a tsaya.

Kawu Usman, Kasala

Alhamdu lillahi, ka yi sa'a, rijiyoyi da yawa lamba ɗaya tak za ka tarar. Kana gani da idonka ramin na ɗumama, kuma a awa 17 bai tsaya ba. Yi zanen Hona. Ga kowane awo, haɗa awannin zagaye da awannin jira, ka raba da awannin jira, ka ɗauki logaridim ɗinsa. Ka jera zafi uku a kan waɗannan lambobi, ka ja miƙaƙƙen layi har ya kai sifiri, wato inda jira ya zama ba iyaka. Ko da takarda da fensir za ka yi shi. Kuma ka sani shi ma zanen yakan gaza kaɗan idan jiran gajere ne. In a cikin hotunanka akwai zafin da aka ɗauka lokacin gwajin kwararar rijiya, shi ne gaba da kowa, don ruwan cikin dutsen ne da kansa ya zo ya taɓa ma'aunin.

Maryam, Wad Madani

Ku yi haƙuri, ni shekara ta biyu nake lokacin da karatu ya tsaya. Mene ne bitirinayit ɗin nan, kuma yaya ƙyalli ke faɗin zafi?

Dakta Hawwa, Bur Sudan

Maryam ƙanwata, gara da kika tambaya, don duk gardamar a kansa za ta tsaya. Ɓurɓushin itace ne da saiwa da ɓawon bishiyoyin da, waɗanda ruwa ya kwaso ya binne cikin laka. A ido ba kya ganinsa. Mukan niƙa dutsen, mu daskarar da shi cikin roba, mu goge fuskarsa har ta yi sumul, mu ɗiga mai na musamman, mu haska fitila ta madubin ƙara girma. Sai mu auna kashi nawa cikin ɗari na hasken ya dawo. Ɗanyen da bai sha wuta ba yakan dawo da 0.2 zuwa 0.3. Wajen 0.6 dutse ya fara sakin mai, a wajen 1.3 man ya ƙare ya fara fashewa ya zama iskar gas.

Kin san kamina, inda ake ƙona jan tubali a gaɓar Shuɗin Nilu. Tubalin da ya sha wuta ko ya shekara cikin ruwa ba ya komawa laka, kuma mai sana'ar yana ƙwanƙwasa shi ya gaya miki a tsakiyar wuta ya kwana ko a gefe. Haka bitirinayit yake. Ƙyallinsa hawa yake yi, ba ya sauka. Abin da yake riƙewa shi ne wuta mafi zafi da ya taɓa sha, da ɗan tasirin daɗewar da ya yi a cikinta. Attahiru, ka riƙe wannan, dalilin da ƙarin wutarka bai motsa lambar ba yana ciki.

Baba Alhaji Isa, Gadarif

Ni ba ɗan boko ba ne, noman ridi da dawa na sani, jikana ke karanta mini. Amma tun ina yaro nake jin ana cewa ƙasashen da rana ta fi gasawa su Allah ya ba fetur, ga Saudiyya, ga Libiya, ga mu. Ashe ba zafin ranar ba ne ke dafa shi a ƙasa?

Injiniya Sale, Dammam

Baba, Allah ya ƙara girma. Maganarka tana da gefen gaskiya, bari in rarrabe. Zafin rana na yini ba ya wuce kamu biyu ko uku cikin ƙasa. Bambancin bazara da hunturu ma yakan mutu a zurfin mita 15 zuwa 20. Shi ya sa ruwan rijiya mai zurfi kan yi ɗumi da safiyar sanyi, ya yi sanyi da tsakar bazara. Ruwan bai sauya ba, yana nan kan matsakaicin zafin shekara, jikinmu ne ya sauya. Daga nan ƙasa kuma wuta daga ciki take tasowa: ragowar zafin halittar duniya, da wanda yuraniyom da toriyom da fotashiyam ke fitarwa cikin duwatsu. A doron nahiyoyi matsakaicinta kamar miliwat 65 ne a murabba'in mita. Fili mai faɗin mita dubu murabba'i, duk zafin da ke fita ta cikinsa da ƙyar ya kai na ƙwan lantarki ɗaya irin na da. Kaɗan ne ƙwarai, sai dai ba ya hutawa dare da rana shekara miliyoyi.

Gefen gaskiyar kuwa, rana ce ke ɗora harsashin da ake ƙirga daga kansa. Mu daga 28 ko 29 muke farawa, arewacin Turai daga wajen 10. Wannan ratar ta kai a ce an ƙara wa dutsenmu zurfin mita 600. Amma Norway da Rasha suna da mai mai yawa cikin ƙanƙara. Abin da ake buƙata shi ne laka mai yalwar ragowar halittu, sannan a binne ta da zurfi.

Baba Alhaji Isa, Gadarif

Madalla. Na ruwan rijiya kam na sha gani a Mai Wurno muna yara, da asuba har hayaƙi guga ke yi. Allah ya yi albarka, ku ci gaba ina saurare.

Attahiru, Gadarif

Wuta ta dawo, na yi zanen. Layin ya sauka a kusan digiri 120. Hawan zafi ya zama kusan 29 a kilomita maimakon 23. Da na ninka da ƙarfin ratsa zafi na duwatsun, wanda na ƙiyasta 2.1, kwararar zafin yau ta fito wajen miliwat 60. Yanzu kwamfuta ta ba ni 0.8 a gindi. Kawu, Allah ya saka da alheri, digiri 19 nake ta nema a zamanin da, ashe suna kan takarda. Saura abu biyu. Har yanzu ban gane me ya hana zafin tsagewar farko tasiri ba. Sannan samfuran sama, tsakanin mita 1,200 da 2,000, cikin shimfiɗun dutsen da ake kira rukunin Darfur da saman Bantiyu, duk ƙyallinsu ya ɗara layin kwamfuta.

Injiniya Sale, Dammam

Na farkon buɗe zanen binnewarka ka duba. A shekara miliyan 100 baya, mita nawa ne a kan Abu Jabra a wannan rijiya? A gefen kwarmi zai yi wuya ya wuce dubu da 'yan kai. Ka ba shi miliwat 90, hawan zafi ya zama 45 a kilomita, ka ƙara 28, ka samu 73. Ka ba shi 120, ka samu 88. Duka biyun ba su kai zafin da yake sha yau ba. Ka hura wuta ne tun tukunyar tana nesa da murhu. Daga baya da aka yi ta lafta masa ƙasa ya nutse, zafin baya ya shafe shaidar na farko, kamar yadda Dakta ta faɗa.

Don haka zamanin da ya dame ka shi ne wanda dutsen ya riga ya yi zurfi kuma wuta ta tashi. Mujlad sau uku ta tsage. Ta biyu daga wajen miliyan 95 zuwa 65, ta uku daga 65 zuwa wajen 30. Tun 1978 Dan McKenzie na Kambirij ya nuna yadda abin ke tafiya: idan ɓawon ƙasa ya miƙe ya sirance, zazzafan dutsen ƙasa na matsowa sama, kwararar zafi ta tashi, sannan ta yi ta lafawa a hankali, sai an yi shekara miliyan 60 kafin kashi biyu cikin uku na ƙarin ya tafi. Kafin zafin ta biyu ya huce ta uku ta zo. Ni shawarata ka sa tudun zafi a tsagewa ta uku, ka kai shi 75 ko 80, ka gani ko samfuran sama za su hau layi.

Dakta Hawwa, Bur Sudan

Bashmuhandis Sale, bayaninka na farko ba ni da ja a kai. Shawarar ce ban yarda da ita ba, kuma ina ganin za ta cuci yaron ranar kare bincike. Za su hau layi mana, duk abin da ka ce wa kwamfuta ta yi za ta yi. Tambayar ita ce wace shaida ke hannunsa cewa wutar ta tashi a wannan wurin.

Tsagewa ta uku ƙarfinta a tsakiyar kwarmin yake, wajen ramin Kaikang, inda tarin laka ya haura kilomita 13. Rijiyar Attahiru a gefe take. Sannan Mujlad ba irin tsagewar Habasha da Kenya ba ce da wuta ta turo daga ƙasa ta cika ko'ina da aman dutse. Janta aka yi daga gefe, ta hanyar babbar karayar da ta ratso tsakiyar Afirka daga Kamaru lokacin da Tekun Atlantika ta kudu ke buɗewa, shi ya sa duwatsun wuta ba su da yawa a cikinta. Ƙari a kan haka, laka mai sanyi da ke zuba da sauri tana danne kwararar zafi, kamar ka rufe garwashi da jiƙaƙƙen yashi. Ni abin da na fi zato, gefen nan ya taɓa nutsewa fiye da yau, ya nuna a can, sannan ya ɗago, ruwa da iska suka kankare 'yan ɗaruruwan mitoci daga kansa.

Injiniya Sale, Dammam

Dakta, zaizayar ma ai zato ce. Ke kin cire ƙasa, ni na ƙara wuta, kowa ya murɗa abin da ya ga dama. Kuma in aka yi zaizaya, gindin ma ya kamata ya ɗara layi, ga shi shi ya kusan daidaita.

Dakta Hawwa, Bur Sudan

In aka ƙara wuta gindin ya fi kowa tashi, don ƙarin zafi da zurfi yake ninkuwa. Ka ga ke nan gindin ya fi ƙaryata taka fiye da tawa. Amma ni gindin ne ma ban amince da shi ba. Abu Jabra lakar tafki ce, ba ta teku ba. Abin da ya cika ta gansakuka ne da ƙananan halittun ruwa, itace kaɗan ne, sai ka wuni kana leƙe ka samu ƙwaya goma. Waɗanda ka samu ɗin ma sun jiƙu da sinadarai masu yawan haidirojin, ƙyallinsu kan fito ƙasa da gaskiya. Ga kuma ɓarɓashin da ke rubzowa daga bangon sama ya gauraya da na gindi. Duka biyun ƙasa suke jan lamba. Wannan 0.85 tana iya zama 0.95.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa ba a iya raba zatona da naka. Attahiru, jera lambobin ƙyalli a kan zurfi, ɓangaren ƙyallin a ma'aunin logaridim. In layin samfuranka ya tafi kafaɗa da kafaɗa da na kwamfuta, rata ɗaya daga sama har ƙasa, ƙasa aka kwashe. Miƙa layin sama har ya kai 0.2 ko 0.25, inda ya tsaya a sararin sama can ne tsohon doron ƙasa. In kuwa ratar buɗewa take tana faɗi da zurfi, wuta ce, Bashmuhandis ya yi gaskiya. Akwai shaida ta biyu da ba ruwanta da zafi: awon gudun sauti cikin dutsen yumɓu. Yumɓun da ya taɓa ɗaukar kaya mai nauyi ba ya sake kumbura, zai nuna matsewar da ta fi zurfinsa na yau. Da lafiya lau ake sai in ce a tura yashi a ƙirga sawun tsagewar yuraniyom cikin ƙwayoyin afatayit, don su suna gogewa tsakanin digiri 60 da 110, suna faɗin har lokacin da dutse ya huce.

Injiniya Sale, Dammam

Awon sauti na yarda da shi ɗari bisa ɗari. In ya nuna matsewa na janye. Abin da ya sa nake nacewa, a nan gabashin Saudiyya mun ga amfanin sanin lokaci. Lakar Ƙusaiba ta zamanin Siluriyan ta haura shekara miliyan 400, a wurare masu zurfi ta wuce mai ta koma gas, ita ke ciyar da duwatsun Khuff da Unaiza masu ajiye gas. Lakar Hanifa da Tuwaiƙ ta zamanin Jurasik ita ta cika filin Ghawar da mai. Duk mai neman rijiya tambayarsa ɗaya: ranar da dutse ya saki mai, tarkon dutsen da zai riƙe man ya riga ya ƙeru ko bai ƙeru ba? Zaizaya da tudun zafi suna iya ba ka ƙyalli iri ɗaya yau, amma ranar sakin mai daban za su ba ka.

Dakta Hawwa, Bur Sudan

A nan mun haɗu. In kuma ana son ganin inda wuta ce sarauniya ba gardama, ga shi nan bayan tagata. Bahar Maliya yanzu haka take buɗewa. A tsakiyarta, tsakaninmu da Jidda, akwai ramin Atlantis na Biyu, zurfin mita dubu biyu da ɗoriya, ruwan gishirin da ke kwance a gindinsa ya kai digiri 68, har Sudan da Saudiyya suka ƙulla yarjejeniya a 1974 kan ma'adinan da ke cikinsa. Rijiyoyin da Chevron ta haƙa a gaɓarmu a tsakiyar shekarun 1970, irin ta Sawakin, gas suka samu. Can kuma gishiri ke rikita lissafi, don yana ratsar da zafi ninki biyu zuwa uku na yumɓu. Dutsen da ke ƙarƙashin tulin gishiri ya fi maƙwabcinsa sanyi, na samansa ya fi zafi. Shi ya sa nake hana ɗalibaina cewa hawan zafi da kwararar zafi abu ɗaya ne. Kwarara ɗaya za ta ba ka hawa mai tsini cikin yumɓu, ta ba ka mai kwanciya cikin yashi ko gishiri.

Kawu Usman, Kasala

Maganar tafki da Dakta ta yi, mu a hannu muka san ta. Man Hijlij in ka ɗebo shi daga rijiya da zafinsa ruwa ne tsululu. Ka bar shi a kwalba ya kwana ɗakin da ke da na'urar sanyaya, da safe ka kifa kwalbar ba ya zuba, ya yi kamar man shanu. Kakin da ke cikinsa gadon gansakukar tafkin nan ne. Lokacin da aka fara tura shi ta bututun kilomita 1,600 zuwa tashar jiragen ruwa ta Basha'ir a 1999, babban abin tsoro kada ya huce a hanya. Na kwarmin Malut ya fi shi ma, sai ana ɗumama shi a tashoshi, kuma kun ji yadda ya daskare cikin bututu a farkon 2024 da yaƙi ya hana tashoshin samun man aiki.

Man filin Fula kuwa wani labari ne. Wanda ke duwatsun sama baƙi ne mai kauri, wanda ke ƙasa cikin Abu Jabra mai sauƙi ne, alhali uwa ɗaya ta haife su. Ƙwayoyin cuta ne suka cinye sassauƙan ɓangaren na sama, don suna rayuwa muddin zafi bai kai wajen digiri 80 ba. Ka ga zafi bai tsaya ga dafa mai ba, har gadinsa yake yi.

Nura, Gombe

Salam. Ni a Khartum na yi karatu, yanzu ina gida. Ina bin ku tun safe saboda Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, inda aka sanar da samun mai a 2019. Mutane na ta cewa tunda Mujlad da Doba ta Chadi da Agadem ta Nijar duk 'yan gida ɗaya ne da kwarin Binuwai, abin da aka samu can dole a same shi nan. Haka ne?

Injiniya Sale, Dammam

Malam Nura, 'yan gida ɗaya ne, zamani ɗaya suka tsage. Amma kowa da abin da ya same shi bayan rabuwa. Binuwai ta sha matsa wajen shekara miliyan 85 baya, duwatsunta suka lanƙwashe suka ɗago, aka kankare da yawa, ga duwatsun wuta birjik, ka dubi tudun Biu. Teku ma ta shige ta, abin da bai faru da Mujlad ba. Don haka a can dutse na iya zama kusa da sama yau alhali ya gama nuna tun tuni. Gardamar da muke yi da Dakta ita ce ainihin tambayar kwarmin Gongola, inda Kolmani take, sai dai ma ta fi nauyi a can.

Dakta Hawwa, Bur Sudan

Mu koma kan yaron kada dare ya yi. Attahiru, kafin ka ja kowane layi, lambobin nan na sama matsakaici ne aka rubuta maka, ko kana da takardar da ke nuna kowace ƙwaya da aka auna? Bantiyu yashin kogi ne. Kogi kuwa yana kwaso tsohon bitirinayit da ya riga ya nuna a wani dutsen ya sake binne shi. In mai awo ya haɗa su da na asali ya fitar da matsakaici, lamba za ta haura ba tare da wuta ko zaizaya ba.

Attahiru, Gadarif

Dakta, na samu hoton takardu huɗu cikin bakwai, sauran ban ɗauka ba. A biyu daga ciki tudu biyu ne a zanen ƙirga, ƙarami a wajen 0.5, wani a wajen 0.75, kuma an haɗa su duka. Da na ɗauki na ƙasa kaɗai ratar ta ragu da kusan rabi, amma ba ta ɓace ba, kuma abin da ya rage kafaɗa da kafaɗa yake tafiya da layin kwamfuta. Akwai kuma wani samfuri a mita 2,640 da aka rubuta 2.1, na sama da shi da na ƙasa da shi duk ba su kai 0.8 ba. Tun farko na cire shi, na ɗauka kuskuren rubutu ne.

Kawu Usman, Kasala

Kada ka cire shi. Wata rana muna haƙa cikin yumɓu, haƙori na cin mita goma sha a awa, sai kawai ya koma mita ɗaya da ƙyar. Na je rariya na ɗebo, na wanke a tafin hannu, sai ga tsakuwa baƙa mai ɗan kore, mai nauyi, tana ƙyalli kamar an barbaɗa gishiri. Na ɗiga asid ba ta yi kumfa ba, na kusanto da maganaɗisu ta manne. Narkakken dutse ne da ya kutsa tsakanin shimfiɗu ya daskare, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yumɓun da ke dab da shi ya ƙone ya yi tauri kamar fasasshiyar tukunya. Irin wannan yakan gasa abin da ke sama da ƙasa da shi gwargwadon kaurinsa ko ninki biyu, daga nan komai ya koma yadda yake. Duba takardar taɓo wajen wannan zurfin, ka ga ko saurin haƙa ya faɗi, ka duba awon hasken gama da duwatsu ke fitarwa ko ya sauka.

Injiniya Sale, Dammam

In hakan ne to wuta ta zo wurin, Dakta, ko da ta ɗan lokaci ce.

Dakta Hawwa, Bur Sudan

Ta zo, amma ta gasa mita ashirin ko talatin ne ta huce cikin ƙanƙanen lokaci, ba za ta ɗaga samfurin da ke mita dubu sama da ita ba. Abin da za ta nuna shi ne akwai narkakken dutse a ƙarƙashin yankin a wani zamani, wannan kam ya ba zatonka ƙafar tsayawa, ban musa ba. Attahiru, ka gina lissafi biyu, ɗaya da zaizaya, ɗaya da tudun zafi, ka rubuta ranar sakin mai da kowanne ya ba ka, ka faɗi wanda awon sauti ya goyi baya.

Attahiru, Gadarif

Takardar taɓon tana cikin hotunan, amma hannuna ya girgiza lokacin ɗauka, daga mita 2,600 zuwa 2,700 ta yi dishi-dishi. Ina iya hango layin saurin haƙa ya lotsa a wani wuri, lambobin ne ba sa karantuwa. Awon sauti kuwa a fili yake, gobe in an kawo wuta zan cire na yumɓu zalla in jera. Kawu, in na turo maka hoton ta waya za ka iya gane alamar da aka zana a layin duwatsu ko da rubutun bai fito ba?

Kawu Usman, Kasala

Turo shi yadda yake, kada ka rage masa nauyi. Dutsen wuta da 'yan alamun giciye muke cika gurbinsa, yumɓu kuwa da gajerun layuka a kwance, ko a dishi-dishi ba sa kama da juna. Ka haɗo da shafin da ke gabansa da na bayansa.